Takalmin Jirgi

Ku da kuka zo bayanmu kun sami takalmin jirgin nan a tsakiyar falo, an zagaye shi da igiya. Ni a bayan gareji na same shi, kuma safiyar da aka zo yanka shi ba ta taɓa fita daga raina ba.

Lokacin ina sabuwar ma'aikaciya a wannan ɗan gidan tarihi namu na Nassarawa, muƙamina mataimakiyar mai kula da kaya. A ƙa'idar aikinmu, kayan da ya shigo ba a fasa shi, ba a sauya masa kama, sai an bincika asalinsa an tabbatar ba na tarihi ba ne. Amma wannan abu ba a ɗauke shi kayan tarihi ba. Dogon ƙarfe ne mara nauyi, mai tsinin baki, a rufe ta sama. Kowa komi yake ce masa, wai na shayar da dawakin Turawa ne.

Ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a a Kano ba, masu sallah suka ƙaru a ɗan masallacin harabarmu. Alhaji Mustafa, mai gidan, wanda kayan mahaifinsa ne aka fara gidan tarihin da su, ya yanke shawara a yanke saman komin, a jera masa kan famfo, ya zama wurin alwala.

Ni kuwa na daɗe ina zargin ƙarfen nan ba komin dawaki ba ne. A kwas ɗin da na yi an nuna mana hotunan jiragen saman sojojin ruwa na Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda maimakon taya suke da wasu dogayen abubuwa a ƙasa, su sauka a kan teku su tashi daga kanta. Kaɗan ne suka rage, ana lallaɓa su a gidajen tarihin ƙasashen waje. Kullum na wuce ta bayan gareji sai in ga kamar tsuntsun teku ne ya yar da ƙafarsa a garin da babu teku.

Ranar da za a yanke shi, da hantsi na tarar da Malam Sabo, mai walda daga Gama, ya riga ya ja masa layi da alli.

"Malam, don Allah dakata."

Ya ɗaga baƙin gilashinsa. "Malama, ke ce za ki hana Musulmi alwala? A wannan shekarar?"

Wasu direbobi da ke zaune a bakin gareji suka fashe da dariya. Na san yadda maganar za ta koma idan ta fita titi, amma ban matsa ba. Na aza hannuna a kan layin allin na ce a kira Alhaji.

Ya fito da carbinsa. "'Yata, lafiya?"

"Ranka ya daɗe, wannan ba komi ba ne. Ɓangaren jirgi ne."

"Na ruwa ko na sama?"

"Duka biyun."

"Kai! Ki tsaya a kan ɗaya mana. Sabo yana da wani aikin a Badawa."

Na roƙi a kifa shi. Na nuna masa ƙasansa mai kaifi kamar ƙirjin zabo, da wani ɗan tudu a tsakiya, da kunnuwan ƙarfen da ake ɗaure shi a jikin jirgi. Na buɗe wani ƙaramin murfi ya leƙa ya ga cikin a rarrabe yake ɗaki-ɗaki. Na ce komi ana yin sa ne ya riƙe ruwa a ciki, wannan kuwa an yi shi ne ya hana ruwa shiga. Ya saurara, amma na ga bai gamsu ba. Sabo ya fara warware wayar injinsa.

Sai na tuna tambayar farko da aka koya mana mu yi wa duk mai kaya.

"Ranka ya daɗe, marigayi mahaifinku da kansa, me yake kiransa?"

Ya yi murmushi. "Baba ai mai barkwanci ne. Bayan yaƙi ya sayo shi a Ikko cikin tarkacen ƙarfe, ya ɗoro shi a jirgin ƙasa. Idan muka hau muna sukuwa sai ya ce, ku sauka mini daga kan takalmin jirgi. Mu yi ta dariya. Jirgi da takal..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi kunnuwan ƙarfen, ya dube ni, ya sake dubansu. Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Ashe ba wasa yake yi ba," ya ce a hankali.

"To ni fa, Alhaji?" in ji Sabo.

"Je ka haɗa mana tanki. Kafin Juma'a."

Sabo ya goge allin da hannun rigarsa yana cewa, "Malama, in an samo ɗaya ƙafar ki kira ni, in haɗa miki jirgin gaba ɗaya."

An yi wurin alwala, yana nan kuna amfani da shi. Da aka zo rubuta bayanin da za a kafa a gaban takalmin, na kawo dogon suna irin na littafi. Alhaji ya ce a'a, a sa wanda Baba ya sa.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. A aikinmu ba kasafai mugu ke lalata kaya ba. Mutanen kirki ne, da kyakkyawar niyya, idan an ba abu sunan da ba nasa ba. Saboda haka kafin ku auna, kafin ku goge ƙura, ku tambayi mai kaya yadda ake kiransa a gida. Ko da ya faɗa yana dariya, kada ku taya shi.