Yaya Idris da Kaset ɗin Inna

Duk wanda ya taɓa sayar wa Yaya Idris albasa a Aliero ya san halinsa. Ba ya kallon saman buhu. Sai an zazzage masa har gindi, yana latsa ta ɗaya bayan ɗaya, manomi na tsaye yana cika yana batsewa. Ni kaina, ƙanwarsa, na sha ce masa wannan bin ƙwaƙƙwafi ya yi yawa.

Mahaifiyarmu, Inna Gudiya, a Makka ta rasu ina ƙarama. Kafin ta kwanta ciwo ta aiko da kaset, tana gaishe mu ɗaya ɗaya. Shi ke nan abin da ya rage na muryarta. Zaren ya sha tsinkewa, Yaya yana liƙe shi da jan farce, har ya zama tsoron kunna shi muke yi.

Da ya sayo tsohuwar kwamfuta ya girke a gida, aka juye muryar a cikinta. Amma kwamfutar ma rannan ta tashi, rannan ta ƙi. Aka ce sai ya sa mata raita, na'urar da ke buga faifan sidi. Ya ɗaure kwamfutar da zane, ya kwashe ni muka tafi Sakkwato, da rediyonsa mai cin faifai a hammata.

Mai shagon ya ajiye kwali sabo dal. "Alhaji, wagga ta fi duka sauri."

"Sauri ina za ni? Buɗe ta, ka buga mu jiya."

"Ba a buɗe kwali sai an saya."

"To ba a sayen buhu sai an zazzage."

Kunya ta kama ni, amma Yaya ya gyara zama. Dole mai shagon ya buɗe kwalin. Aka ɗaura mai saurin, aka buga, aka sa faifan a rediyon, muryar Inna ta cika shagon. Mai shago ya kai hannu zai kashe, Yaya ya riƙe shi.

"Bari shi kai gindi."

Dab da ƙarshe faifan ya fara tsalle, ya yi shiru. Yaya ya ce a cire. Aka ɗaura wata mai nawar tsiya, muka zauna har na fara hamma. Wannan ta kai ƙarshe sumul, ita ya saya. Ya buga wa 'yan'uwa na Jega da na Sarandosa kowa nasa, kuma damina ba ta faɗi ba kaset ɗin ya tsinke, tsinkewar da ba liƙi.

Ina alfahari da wannan mutum, ko da yake har gobe yana ba ni haushi a kasuwa. Shi ne na fari, da sunansa Inna ta fara, ko faifan farkon nan mai tsalle da ya ishe shi. Ni ce auta. A gindin kaset ɗin ne take cewa, "Ina Raihanata? Ku ce mata ta bar kuka, ina nan tahe."