Shekarar da Baba Ya Tuƙa Mota a Ɗakinmu

Mai gidana mai gyaran wuta ne a asibitin mishan da ke wajen Madawa, ni kuma ina buga takardu a biro ɗin asibitin, wato ofis. A ƙarshen shekarun casa'in ne ya kamu da ciwon kwamfuta, wadda mu muke ce wa ordinatar. Wani likita bature ya kira shi gida gyaran fanka, ya iske ƴaƴan likitan zaune gaban wata na'ura suna tseren mota, ƙarar inji na tashi kamar a bakin kwalta. Da suka gaji suka sa wani faifai, sai ga kifaye suna iyo cikin teku, wata murya tana bayani. Gyaran da bai wuce na ɗan lokaci ba, sai da ya kai la'asar a kansa.

Ni ban ga abin ɗoki ba. Ta biro ɗinmu kullum ina gabanta, baƙin allo da koren rubutu, ba ta kiɗa, ba ta wasa, in ta ga dama ta cinye mini aikin yini. Amma shi ya dawo gida idonsa na ƙyalli. Likitan ya gaya masa cewa shi da kansa ya haɗa tasa, guntu-guntu, ya kuma ba shi tsofaffin mujallu na Faransanci masu hotunan kayan. A shekarar albasar da suke nomawa da wansa a fadama ta yi kyau, don haka ya ce shi ma zai haɗa sabuwa fil, ba zai sayi wadda wani ya gaji da ita ba.

Ana cikin haka Baba ya zo. Mahaifina manomi ne a wani ƙauye wajen Allakaye, musulmi, ni kuwa gwaggona ce ta riƙe ni tun ina ƙarama a unguwar asibiti, na tashi cikin majami'a. Wannan bai taɓa shiga tsakanina da shi ba. Yanar ido ta rufe masa idanu biyu har ba ya rarrabe akuya da tunkiya sai sun yi kuka. Bayan an gama girbi ƙanena ya sako shi a mota ya kawo mana. Da aka auna shi aka ce jininsa ya hau, sai ya sha magani ya sauka kafin a taɓa idon. Zaman da muka zaci na mako guda ne ya zama na dukan rani.

Tsakanin Baba da mai gidana akwai kunya irin ta da. Da safe mai gidana zai tuɓe takalmi tun daga bakin rumfa, ya durƙusa, ya gaishe shi kansa a ƙasa, Baba ya amsa yana fuskantar bango, shi ke nan sai gobe. Ba sa cin abinci wuri ɗaya. In ɗaya ya shigo tsakar gida, ɗayan sai ya tuna yana da wani aiki a waje. Ɗakunanmu biyu ne, muka ba Baba na waje. A nan tebur yake, a nan ne kuma kaɗai wurin jona wuta ke aiki yadda ya kamata, kasancewar gidan mai gyaran wuta ne.

Saboda haka zaɓen kayan a ƙarƙashin rumfa aka yi shi, ni ce kuma mai saurare, ko ina so ko ba na so. Ina tankaɗe, shi yana buɗe mujalla yana yi mini darasi. Ya ce daga babban faranti ake farawa, wanda ake kira kart mer, don duk sauran kayan a jikinsa suke zama. Ƙwaƙwalwar na'urar tana da ƙafafu, dole su yi daidai da ramukan farantin. Sandunan ajiyar tunani, baret, akwai gajeru akwai dogaye. Katin hoto da katin sauti kowanne da irin bakin da yake shiga. Akwatin ma ba kowanne ke karɓar kowane faranti ba. Yau ya tsai da shawara, gobe ya karanta wani shafi ya rushe ta. Har a coci na taɓa ganin yana zana ramuka a bayan takardar waƙa.

Ashe Baba yana ji ta taga. Makaho ba ya da aikin da ya wuce saurare. Wata rana na kai masa fura ya ce in zauna, ya tambaye ni mene ne wannan abu da mai wuta ke ta lissafi a kansa. Haka yake kiransa, mai wuta. Na yi masa bayani iyakar iyawata. Daga ranar na zama ƴar aike tsakanin mutum biyu da bango ɗaya ya raba. Baba ya ce in tambaya ko abin yana cin wuta kamar firij. Na fita na tambaya, na dawo da amsa, duk da kowannensu ya ji ɗan'uwansa sarai.

Abin da ya fi ɗaure wa mai gidana kai shi ne katin hoto da katin sauti. Abin hannunsa ba zai kai ya sayi masu kyau duka biyun ba. Ransa yana kan katin hoto, wani da mujalla ta yaba ƙwarai, wanda zai sa motar tsere ta tafi sumul. Sauti kuwa ya ce a bari sai baɗi, ƴar ƙarar da akwatin ke yi da kansa ta isa. Da na kai wa Baba wannan labari sai ya ɗaga murya fiye da yadda ake bukata.

"Shin abin ga, ba ya magana?"

Na ce zai yi, amma sai wata shekara.

"To hwaɗa mishi, abin da ba ya magana, ni wurina akwatin tuhwahi na."

Na fita don in isar da saƙo, na iske mai gidana ya riga ya buɗe shafin katunan sauti. Da baturen likitan zai tafi hutu ƙasarsu, abin da aka ba shi sautu shi ne faranti da ƙwaƙwalwa, da katin sauti mai kyau, da katin hoto na talaka. Sauran kayan, akwati da allo da baret da abin karanta faifai da bafil guda biyu masu fitar da sauti, direban asibiti ne ya sayo a Yamai.

Kafin kayan su taru aka yi wa Baba aikin idon dama. Ya dawo gida da bandeji, aka ce kada ya sunkuya, kada ya shiga rana. Kwalaye kuwa suka yi ta taruwa a ɗakinsa. Yakan shafa su ya ce ɗakin yana ƙanshin kanti.

Da likitan ya dawo aka buɗe faranti, sai aka ga baret ɗin da aka sayo a Yamai gajeru ne, ramukan kuwa dogaye. Mai gidana ya juya su gaba, ya juya su baya, ya duba mujalla, ya sake dubawa. Ashe irin farantin da ya zaɓa ya ƙare a can, mai kantin ya ba likita wanda ya gaje shi, ya ce ya ma fi kyau. Ya fi kyau kam, sai dai ba ya cin abin da aka tanadar masa. Sai da aka jira direba ya sake zuwa Yamai ya musanyo. A wannan jiran mai gidana har ramewa ya yi. Baba ya ce in gaya masa ya ci abinci, baret ba za su tsawaita don yunwarsa ba.

Ranar da dogayen suka iso ina wurin aiki. Na dawo da azahar ban ga kowa a rumfa ba, ga takalman mai gidana a ƙofar ɗakin Baba. Na leƙa. Akwati na kwance a kan tebur cikinsa a buɗe, mai gidana ya dulmiya kai a ciki. Baba na zaune a kan kujera kusa da shi, ya tuɓe hularsa ya kife ta a cinya ta zama kwano, ƙananan kusoshi na ciki. In mai gidana ya miƙo hannu, Baba ya laluba ya zaɓo ɗaya ya sa masa a tafi. Ba sa kallon juna, ba sa kuma magana sai abin da ya zama dole.

"Baba, mai siririn zare za ku ba ni."

"Wagga?"

"Ita ce."

Na koma da baya a hankali na je na ɗora tukunya. Daga baya mai gidana ya gaya mini cewa ya daɗe yana zagaye a tsakar gida da turnabis, abin ɗaure kusoshi, a hannu, ya rasa yadda zai shiga, har Baba ya yi gyaran murya ya ce wa bango wai in akwai mai aiki a ɗakin nan ya shigo ya yi, shi ido ɗaya gare shi, shi ma a ɗaure.

Da aka kunna, fanka ta juya, allo ya kawo haske, rubutu ya fito. Likitan ya zo da faifansa ya zuba mata abin da za ta yi aiki da shi. Sai wata sabuwar rigima ta ɓullo. Duk lokacin da sauti ya tashi, kusu, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur, sai ya sandare. In kusu ya motsa, sauti ya shaƙe. Likita ya ce su biyun suna kiran ƙwaƙwalwa ta hanya ɗaya ne, sai an raba musu. A jikin katin sauti akwai wasu ƴan huluna ƙanana kamar ƙwayar shinkafa da ake cirewa a matsar. Yatsun mai gidana sun yi kauri, na likita ma haka, don haka ni aka kira, na zo da hantsakin da nake cire ƙaya. Na matsar da ɗaya, ba ta yi ba. Na matsar da wata, aka kunna, kiɗa ya cika ɗakin, kusu kuma yana yawonsa. Baba ya sa aka ɗora masa bafil ɗaya a cinya don ya ji yadda take rawa.

Da aka kwance bandejin idon ya buɗe tar. Ya dube ni ya ce na yi ƙiba, ya dubi mai gidana a sace ya ce ashe yana da furfura. Sannan ya ce a nuna masa tekun da yake ta jin ƙararsa. Aka sa faifan. Ya daɗe yana kallon kifayen, ya tambaya ko ana cin su, ya tambaya wa ya shiga ruwan ya ɗauko hoton, ko ya fito lafiya.

Tseren mota kuwa shi ya nema da kansa. Mai gidana ya durƙusa gefen kujera ya nuna masa maɓallan, wannan gaba, wannan hagu, wannan dama. Baba ya danna na gaba bai ƙara ɗagawa ba. Motar ta bar hanya ta bi ta cikin ciyawa, ta daki itace, ta juya ta nufi inda ta fito. Yana dariya har da hawaye, ina tuna masa an ce kada ya murza idon. Bayan ƴan kwanaki ya fara kai ta ƙarshen hanya, ko da yake kullum shi ne na baya. Abu ɗaya ya dame shi. Duk inda motoci suka taru a kwana, hoton sai ya riƙa tsalle-tsalle. Ya juyo, wannan karon ba ta bakina ba, ya tambayi mai gidana ko motar ce ba ta da lafiya.

Mai gidana ya sunkuyar da kai ya ce katin hoton ne ƙarami.

"To mi ya hana ka sayen babba?"

Na ruga madafa na toshe baki da gyale. Mai gidana ya amsa da ladabi cewa in Allah ya kai mu baɗi za a sayo.

An yi wa idon hagu aiki shi ma, ya warke. Da hadari ya fara haɗuwa ta gabas Baba ya ce gona na kiransa. Ranar tafiya mai gidana ya ɗauki jakarsa har tasha, suna tafe kusa da juna, ina biye ina jin Baba yana yi masa bayanin yadda ake shiga kwana ba a taɓa itace ba. Kunyar ba ta tafi duka ba, har Baba ya rasu ba su ci abinci a kwano ɗaya ba, amma sun daina aike na.

Babban katin hoton ya zo bayan albasar gaba, motar ta daina tsalle. Baba bai gan shi ba, don da idonsa ya buɗe babu abin da ke raba shi da ƙauye. Sai dai daga wannan damina duk wanda ya zo asibiti daga wajen Allakaye, in ya gama ganin likita, sai ya tambayi gidan mai wuta. Za ka ga dattawa biyu ko uku sun yi sallama da ƙullin magani a hannu, a ba su ruwa, a gaisa, a tambayi mutanen gida, sannan babban cikinsu ya gyara zama ya ce sun ji labarin wai tsoho ya tuƙa mota a nan gidan, suna so su ga motar. Mai gidana sai ya shimfiɗa musu tabarma a ɗaki ya kunna, ni kuma in ƙara ruwa a fura.