Kwanon Da Ba Na Gidan Nan Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata tara ga wata, da hantsi, Allah ya karɓi abinsa, ɗana na fari, Babana. A kujerar aikinsa ya faɗi, kwamfuta a kunne gabansa.

Babana, ka san rubutuna sai a hankali. Amma in ban faɗa ba, abin ba zai sake ni ba.

Kullum in na ce wai me kake yi gaban gilashin nan, dariya kake min. Rannan a kicin ka jera kwanuka shida, wani kan wani. Ka ce haka aiki yake cikin kwamfuta, wannan ya aiki wancan, wancan ya aiki na gaba. In abu ya lalace, sai a riƙa ɗaukewa ɗaya-ɗaya daga sama har a ga inda ɓarnar ta faro. Sai ka cusa kwanon maƙwabciya a tsakiya. Ka ce, "Umma, aikina shi ne gane wannan. In an iso kwanon da ba na gidan ba, a tsaya. Abin da ke ƙasansa ba abin yarda ba ne, sai a ɗora wa marar laifi laifi." Na ce to malam, mayar mata da kayanta kafin ta shigo mana da masifa.

Tun da ka tafi nake ɗauke kwanuka. Ka faɗi don ba ka sha maganin hawan jini ba. Ba ka sha ba don ka manta shi kan firij ɗina ranar Lahadi. Ka zo Lahadin don na dame ka famfo na zuba. Na ga maganin, na ce gobe na aika, ban aika ba. Kwana bakwai ina wannan lissafin. Matarka ma na kasa haɗa ido da ita.

Jiya abokin aikinka ya kawo kayanka cikin kwali. Ya ce har yau ba wanda ya iya kashe kwamfutar, jerin aikin da kake dubawa yana tsaye inda ka bar shi. Matarka ta zaro ɗan akwatin maganinka na ofis, mai ranaku, gurbin Litinin da Talata wayam. Ta ce, "Umma, ai ya sha."

Na iso kwanon da ba na gidan nan ba, na tsaya, Babana, yadda ka ce. Sai dai maganin kan firij yana nan, na kasa taɓawa, kuma in kwano ya yi ƙara a kicin sai na waiga.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haskaka makwancinka. Allah ya ba matarka da 'yarka da ƙannenka haƙuri, ya saka wa abokan aikinka. Ni kuma ya hana hannuna ɗaga abin da ke ƙasa. Amin.