Hauyar Barmo a Gonakin Ɗalibai

Ni na fitar da ɗana Habibu daga jami'a, shekara bakwai ke nan. Ruwa ya sauka, ciyawa ta taso wa gero, shi kuma yana Damagaram, saura sati biyu egzame, wato jarrabawa. Na buga masa waya na ce ya zo noma. Ya zo. Shekarar ta wuce shi, bai sake komawa ba. Shi ne na farko da ya ci bak, jarrabawar shiga jami'a, a gidanmu.

Maƙwabcina Barmo ya tare ni a bakin rijiya ya ce, "Idi, dami nawa ka samu a madadin yaron nan?" Na ce ba ruwansa. Ya ce, "Daga yau da ruwana."

Tun daga nan, duk damina, da an idar da sallar asuba sai Barmo ya saɓi hauya, amma ba gonarsa yake nufa ba. Gidan da ke da ɗa ko ɗiya a jami'a, nan yake fara noman fari. Yakan tara gayya daga ƙauyenmu har Gangara. Sharaɗinsa ɗaya: kada a kira yaro gida sai ya gama egzame. Da idona na ga ya fizge waya a hannun Manzo na ƙauyenmu, yana cikin kiran ɗansa Isma'ila. Barmo ya ce wa yaron, "Zauna ka yi karatunka. Gonar ubanka ta fi ubanka lafiya."

To jama'a, bana yara biyar suka dawo mana da lisans, digirin jami'a. Biyar! Isma'ila na ciki, har da Zuhaira marainiya. Mata suka yi ta guɗa, ni da ba na rawa sai da na taka.

Barmo, kai ne uban gayya. Ba ka taɓa shiga lakwal ka yi boko ba, amma takardun nan biyar da zufarka a jikinsu. Mun gode, Allah ya biya ka. Yanzu Habibu ne a gaban gayyarka, ni ina bayansa. Mutanen Tarka da Tenhya, ku ma kuna da hauya, ku tashi.

Amma ku san abin da ya ci masa. Gonarsa ita ake nomewa ƙarshe. Bara ruwa ya ɗauke da wuri, ciyawa ta riga ta shaƙe geron. Dami tara ya ɗaure inda ya saba ɗaure sittin. Raƙuminsa ya sayar ya ciyar da gida. Yau da ƙafa Barmo yake zuwa kasuwa.