Cinyar Inno

A Danchadi, idan ciwo ya ci ƙarfin mace har maza suka fara fita zaure suna magana ƙasa-ƙasa, Inno ake aika wa. Ba malama ba ce, ba kuma mai magani ba. Daddawa take yi, kowa ya san warin gidanmu tun daga bakin titi. Amma tun kafin a haife ni mata suka gano cewa rai ya fi fita da sauƙi in kai yana kan cinyarta, shi ke nan ta zama ta kowa. Ta kowa, ban da ni, Zulai, 'yarta ta fari.

Wanda ba a nan ya tashi ba, zai ce ƙiyayya ce. Kunya ce, irin ta mutanen da. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da shi. Wasu matan suna yi sama-sama, su saki in sun tsufa. Inno kuwa ta riƙe abin kamar da shi za a tambaye ta a kabari. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata ta wajen uba, ban dawo ɗakinta ba sai da na isa aike. Sunana a bakinta "waccan". Da na yi aure a Shagari na samu ƙarin girma, na zama "ta Shagari". Ƙannena maza biyu, Maniru da Nafi'u, su kam sunansu har waƙa take yi da shi in tana daka.

Ina yarinya nakan bi ta gidan da aka kira ta, in laɓe a bayan danga ina leƙe. Kayan aikinta ba yawa: ɗan ƙoƙo, auduga, ruwa da ɗigon zuma. Tana shiga sai ta kori masu kuka, ta ce su je bakin murhu su ƙarasa. Ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ɗora kan mara lafiya a cinyarta, ta riƙa jiƙa mata leɓe tana shafa goshinta. Muryar da take magana da ita a nan ban taɓa jin ta a gidanmu ba. Taushi gare ta kamar ba bakin da ke yi wa awaki tsawa ba.

Tana da wata hanya tata da ban ga kowa da ita ba. Inno ta ce ba tsoron kabari ke riƙe mace ba, 'ya'ya ne. Don haka kafin ta fara kalmar shahada, sai ta bi sunayen 'ya'yan matar tun daga auta har babba. Ta kira suna, ta ce, "Wane hwa?" Matar ta ce, "Na bar ma Allah." In bakin ya mutu, ta gyaɗa kai ko ta motsa yatsa. Sai an sallami kowa sannan Inno ta shiga faɗin La'ilaha illallahu a hankali kusa da kunne. Ba ta taɓa ce wa mutum "ki ce" ba. Faɗi kawai take yi, har mai tafiya ta kama ta bi.

To ku duba mini wannan. Matar da ta san sunan kowane ɗa a garin, da na goye da na mai furfura, ta kira su ɗaya bayan ɗaya da wannan murya, ita ce ba ta taɓa buɗe baki ta ce Zulai ba. Ina faɗa ba kunya: kishin masu mutuwa na tashi da shi. Sauran yara suna kishin mai sabon zane, ni ina kishin tsohuwar da numfashinta ke sarƙewa.

Har gwadawa na yi. Wata rana da hantsi na kwanta a tsakar gida, na miƙe sambal, na rufe ido, na riƙa jan numfashi irin yadda na ga ana yi. Na ji tafiyarta ta tsaya a kaina. Ina jiran a ɗaga kaina. Sai na ji ta ce wa Maniru, "Ce ma waccan in ta gama mutuwa, akuya ta kwance." Ta tsallake ni ta wuce.

Sai kuma ga Tani. Sa'ata ce, tare muka yi tallan daddawa a kasuwar Bodinga. Muna 'yan mata uwarta ta cika a cinyar Inno, kuma da aka zo kan sunan Tani sai matar ta ce ta bar wa Allah, ta bar wa Inno. Shi ke nan na samu abokiyar gaba har abada. "Tani ɗiyata." "Tani, taho ki ci." "Tani, wa yat taɓa ki?" Ita ke ɗaukar ƙoƙon in an yi kira, ita ta koyi zaman, ita ta koyi muryar. Abin haushin, Tani ba ta da mugun hali da zan kama. Na nema, Allah ya sani na nema. Mace ce mai haƙuri da fara'a, irin wadda in ka ƙi ta kai ne za a ce ba ka da lafiya.

Na yi aure, na haifi nawa, na yi furfura, abin bai sake ni ba. In na zo ganin gida da tsarabar kifi ko atamfa, Inno ta karɓa tana kallon bango, ta ce, "An gode ma mutanen Shagari." Kafin in koma sai in ga rabin kifin a kwanon Tani. Mijina yakan yi mini dariya, wai mace da jikoki tana kishi a kan cinya. Nakan ce masa shi da aka goya har ƙafarsa na jan ƙasa ba zai gane ba.

Bara da kaka, ana tsakar yankan gero, Maniru ya kira ni a waya. Ya ce sun kai Inno asibiti a Bodinga, an duba ta, an ce su dawo da ita gida a ci gaba da addu'a. Na san ma'anar wannan. Na hau babur ko mayafin kirki ban tsaya nema ba. Duk tsawon hanya abu ɗaya nake saƙawa: yau dai ba wanda zai riga ni. Ni ce babba, ni ce mace. Cinyar da ba a ba ni ba, ni zan ba da tawa.

Na same ta a kan tabarma ta zama 'yar mitsitsiya, sai idanu. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni sau ɗaya, ta mai da ido kan Maniru, ta ce, "A kiro mani Tani."

Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Na tashi na koma bakin ƙofa na zauna a kan turmi. Tani ta shigo da ƙoƙon, ƙoƙon uwata, ta gaishe ni da ladabi, ban san abin da na amsa ba. Ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ɗauki kan Inno ta ɗora. Uwata tana mutuwa, ni kuwa abin da ke cina shi ne yadda kan ya zauna daidai a cinyar wata. Na yi istigfari, na sake yi, kishin yana nan daram.

Bayan la'asar numfashin ya canja. Tani ta jiƙa mata leɓe, ta sunkuya, ta fara da muryar nan da ta gada.

"Inno, Nafi'u hwa?"

"Na bar ma Allah."

"Maniru hwa?"

"Na bar ma Allah." Da sauƙi ta faɗa, kamar mai sauke tulu.

Tani ta san dokar gidan kamar kowa, amma aiki aiki ne, ba a tsallake ɗa. Ta ce, "Zulai hwa?"

Na ce a raina, to, ko a nan ma ba za a amsa ba. Tani ta sake jiƙa audugar, ta maimaita. Sai Inno ta girgiza kai. Ba gyaɗawa ba, girgizawa, har kallabinta ya zame.

Tani ta ce, "Inno, ke kik koya mani. Ba a tahiya da kowa. Ki bar ma Allah."

Muryar Inno ta fito a shaƙe, amma duk wanda ke ɗakin ya ji. "Wagga na sake ta sau guda, randa anka kai ta yaye. Ban ƙarawa."

Ban san lokacin da na bar turmin ba. Numfashinta yana ta sama yana dawowa, ta ƙi tafiya, ta kasa zama. Tani ta fara kalmar shahada, Inno ba ta bi ba, idonta yana ta yawo a ɗakin. Matar da ta raka rabin matan garin nan cikin salama, ga ta tana kokawa, kuma ni ce sanadi. Tani ta ɗago ta dube ni, hawaye ya wanke mata fuska, ta ce, "Zulai, wanga ba aikina ba na." Ta tallafo kan da hannu biyu, ta ja da baya.

Na zauna na miƙe ƙafa. Kan ba nauyi, kamar ƙwarya. Tun da na yi wayo ban taɓa kusantar fuskarta haka ba, ashe akwai ɗan tabo a ƙarƙashin haɓarta. Hannunta ya lalubo ya kama wuyan hannuna, riƙo na mai daka, ba na mara lafiya ba. Ba ta dube ni ba. Bango take kallo, yadda ta saba.

Ban iya muryar ba, tawa ta fito a kaushashe. Na ce, "Inno, ni ta. To riƙe, kar ki saki. Ni ka yi maki." Sannan na ce, "Inno hwa? Na bar ma Allah."

Sai na ji kafaɗunta sun sauka. Na sunkuya kusa da kunnenta na fara La'ilaha illallahu, a hankali, ban ce ta ce ba. Na faɗa, na sake faɗa. Can leɓenta ya motsa, ta kama, ta bi ni. Ana kiran magariba a masallacin unguwa ta cika.

Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta kira sunana ba. Allah Ya jiƙanta, ta tafi da kunyarta cikakkiya. Da mata suka shigo za a gyara ta, hannunta yana nan a kan nawa, ya ƙi buɗuwa. Tani ce ta durƙusa tana ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Na ce mata ta bi a hankali, ba sauri nake yi ba.