Rijiya Tana Kirana

Da sunan Allah mai rufa asirin bayinsa, mai tona shi idan bawa ya ƙi jin gargaɗi. Ba zan faɗi sunana ba, domin ina da dangi waɗanda ba su cuci kowa ba. Ku dai sani ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Gezawa, inda gona take manne da gona, gida yake jingine da gida, idan ka yi tari a ɗakinka maƙwabci ya ce maka sannu.

Mahaifina shi ne limamin unguwarmu. A hannunsa na yi karatu na koyi rubutun ajami, a zaurensa kuma na girma. Mutane sukan zo masa da damuwarsu, wanda gero ya ƙi masa, wanda ɗansa ya tafi ci-rani ya yi shiru, tsohuwar da barci ya ƙaurace mata. Baba ba ya katse kowa. Yakan sunkuyar da kai yana jan carbi har mutum ya zazzage cikinsa, sannan ya yi masa addu'a. Idan ya ga ciwo ne, ya ce a tafi asibiti. Na gaji kunnen Baba, amma ban gaji zuciyarsa ba.

Da ya rasu, buzunsa da zaurensa suka dawo hannuna. Wata ranar kasuwar Gezawa ina zaune wajen mai shayi, sai na ji wasu samari suna raɗa a kan tunkiyar da suka kai wa wani mahauci. Da yamma ga maƙwabcinmu ya shigo zaure hankali a tashe, tunkiyarsa ta ɓace. Abin da ya kamata in faɗa masa abin da na ji a kasuwa. Sai na ce ya ba ni zuwa gobe in duba masa. Washegari na kwatanta masa gidan mahaucin, aka je aka same ta a ɗaure. Ya kawo mini zakara, ya kuma bi gari yana cewa ɗan liman ya fi ubansa, ana ba shi labari daga ɓoye. Wallahi ban ji daɗin naman zakaran nan kamar yadda na ji daɗin wannan magana ba.

Daga nan na gano sana'a. Na kafa zana a gefen zaure, na ajiye benci a gabanta don masu jira, ni kuwa na shimfiɗa tabarma a bayanta. Duk wanda ya daɗe yana jira sai ya yi hira, mai damuwa kuwa hirarsa damuwarsa ce. In sun gama sai in zagaya in hau buzu, in lumshe ido, in mayar musu da maganarsu kamar wani ne ya raɗa mini.

Ba a daɗe ba aka fara kawo mini masu taɓin hankali. Ina kuma za a kai su? Kano da nisa ga talaka, ga kunya, domin gidan da aka ce an kai ɗansu asibitin ƙwaƙwalwa, 'yan matan gidan sai su rasa manema. Wurina kuwa ba abin kunya, ai aljanu ne, suna iya taɓa kowa. Na gina ɗakuna a bayan gida, na sayi marin ɗaure ƙafa, na tanadi hayaƙi da bulala. Ina so ku fahimce ni. Aljanu gaskiya ne, Alƙur'ani ya ambace su, kuma akwai malamai masu tsoron Allah da suke yi wa marasa lafiya addu'a da gaskiya. Ni dai ban taɓa ganin aljani ko ɗaya ba.

Wata kaka aka kawo mini Hauwa, matar wani manomi mai suna Sale. Haihuwarta ta fari ke nan, an yi suna lafiya, tana cikin wankan jego, sai ta daina cin abinci, ta daina kallon jaririn, ba abin da take yi sai hawaye. Sale ya tsaya a waje wajen babur ɗinsa, ita da mahaifiyarta, wadda kowa yake kira Inna, suka zauna a benci. Ina bayan zana na ji ta ce a hankali, "Inna, ni fa rijiya tana kirana. Duk sanda na wuce ta bakinta sai in ji kamar can ne hutu yake. Don Allah kada ku bar ni ni kaɗai."

Inna ta ce, "A'uzu billahi. Rufe bakinki, kada mijinki ya ji."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na gane abin da take nufi sarai. Yarinya ce ta gaji da rai, tana roƙon a tsare ta daga kanta. Amma abin da na gani a maganar nan baƙin bunsurun da zan karɓa ladan aiki ne. Da suka shigo na lumshe ido na ce aljanar rijiyar gidansu ce ta aure ta, tana kiranta. Inna ta dafe ƙirji. Sale ya ce malamar asibitin ƙauyenmu ta ce a kai ta Kano, ko ya kai ta? Na ce masa allura tana fusata su, idan yana son matarsa kada ya kuskura. Sannan na ƙara da abin da ya fi kowanne muni. Na ce a riƙa sa ta a ɗaki da turare kowace safiya, kowa ya fita daga gidan, don aljanar ta sami hanyar fita. Ba don komai na faɗi haka ba sai don aikin ya yi kwarjini.

Sale ya kai wakensa kasuwar Dawanau ya sayar, ya kawo bunsuru. Suka bi umarnina kamar yadda ake bin mai gaskiya. Wata safiya kowa ya tafi gona yankan gero, Inna ta ɗauki jariri ta shiga maƙwabta. Da suka dawo ɗakin ba kowa, a rijiya aka same ta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bayan an yi sadakar uku, Inna ta zo zaurena. Ba ta yi sallama ba. Ta tsaya a gaban bencin nan tana kallonsa, tana tuna inda 'yarta ta yi maganar rijiya. Sai ta sa hannu ta fizge zanar. Ga tabarmata, ga butata, ga ɓawon gyaɗar da nake ci ina sauraro. Da 'yan sanda ba su zo da wuri ba, da a nan mutanen gari suka gama da ni. Suka buɗe ɗakunan baya suka fito da bayin Allah ƙafafunsu duk gyambon mari. Alƙali ya ɗaure ni, kuma bai zalunce ni ba.

A kurkuku aka sa mini suna Na-Aljanu. Kullum sai wani ya ce, "Malam, ka aiki mutanen naka su kawo mana mabuɗi mana, ko su ma an ɗaure su?" Da farko nakan yi dariya. Daga baya dariya ta ƙare, barci ya ƙare, abinci ya koma kamar ƙasa a bakina. Ina sallah amma ban san me nake karantawa ba. Babu rijiya a inda aka tsare mu, amma wallahi na ji kiran da Hauwa ta ji, da muryarta kuma nake jin sa.

Akwai wani mutum da yake zuwa gidan yarin lokaci lokaci, Malam Kabiru, masanin halayyar ɗan Adam. Fursunoni suna ce masa likitan hira, don ba ya allura, ba ya ba da ƙwaya. Na je wurinsa ne kawai don ofishinsa da inuwa. Ya gaishe ni, ya yi shiru yana jira, kai a sunkuye kamar Baba. Na ce masa kada ya wahalar da kansa, na san wannan dabara, da ita na ci abinci shekara da shekaru.

Ya yi murmushi ya ce, "Ashe abokin sana'a na samu. To kai idan ka gama ji, me kake yi da abin da ka ji?"

Sai kawai na ji bakina ya ce rijiya tana kirana. Bai ce in rufe baki ba. Ya matso da kujerarsa, ya tambaye ni tun yaushe, ya sa aka haɗa ni da wanda zai riƙa kwana kusa da ni, ya kai ni wurin likita aka ba ni magani. A zamanmu na gaba na ba shi labarin Hauwa. Ya ce ciwon nan sananne ne, yakan kama wasu mata bayan haihuwa, ana warkewa da magani da kulawa da izinin Allah. Ya ce maganar da ta yi a benci ita ce mafi bayyanar neman taimako da mutum zai iya yi, kuma abu na farko da ake yi wa mai irin wannan magana shi ne kada a bar shi shi kaɗai. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da Baba ya rasu.

Da na sami sauƙi na tambaye shi inda ake koyon wannan ilmi. Ya ce a jami'a. Ni kuwa ko baƙi ɗaya na boko ban sani ba. Na shiga makarantar gidan yari da furfura a gemuna, ina rubuta kowace kalmar Turanci da ajami a ƙarƙashinta don in iya furta ta. Na zauna jarrabawar sakandare na faɗi, na sake zama na ci.

Da wa'adina ya cika na koma ƙauye, domin ba ni da wani wurin. Ba mai amsa sallamata. A masallaci akan bar gurbi tsakanina da na kusa da ni. Ina noma gonar Baba, ina karatun halayyar ɗan Adam daga gida, wani lokaci in shiga Kano in zauna cikin yaran da suke ce mini Baba. Ban gama ba, Turanci yana kokawa da ni, ban sani ba ko zan gama kafin a kira ni. Ba ni da izinin duba kowa, kuma ba na dubawa.

Bara na ji wata magana a wajen injin niƙa. Ashe bayan rasuwar Hauwa, Sale ya auri ƙanwarta Bilki, ita ta riƙe yaron. Yanzu ta haihu, ta daina cin abinci, ba ta kallon jaririyar, kuma ana shirin kai ta wurin wani mai magani can wajen Shanono. Na bar buhun masarata a nan na nufi gidan Sale. Na same shi a ƙofar gida da fartanya a hannu.

Ya ce, "Ka zo ka ƙarasa ne?"

Na durƙusa a ƙasa. Na ce ban zo in ga Bilki ba, ban zo da magani ba. Na roƙe shi ya rufe rijiya, kada a bar ta ita kaɗai ko na shiga bayi, gobe kuma ya kai ta asibitin ƙwaƙwalwa a Kano.

"Ba kai ka ce allura tana fusata su ba?"

"Ƙarya na yi, Sale. Ban taɓa ganin aljani ba. Hauwa ta roƙa kada a bar ta ita kaɗai, na ji da kunnena, na ce a bar ta."

Ya sauke mini ƙotar fartanya a kafaɗa, ya sake ɗagawa. Ban kare ba. Sai ga Inna ta fito daga zaure, ta tsufa har tana dogara sanda. Ba ta dube ni ba. Ta ce wa Sale, "Ƙyale shi. Jiya ita ma ta faɗa mini maganar rijiyar nan. Wannan karon ban ce ta rufe baki ba."

Sale ya yar da fartanya ya zauna a dakali ya riƙe kai. Ba su da abin rufe rijiya sai kara. Na koma gida na ɓalle ƙyauren zauren Baba, na ɗauko shi a ka, aka ɗora a bakin rijiya aka danne da turmi. Da safe Sale ya ce ba ya son ganina a motar da za su shiga, in faɗa masa inda za su sauka kawai. Na faɗa masa.

Bilki tana shan magani, tana komawa asibiti ana zama da ita. Kwanan baya na hango ta daga nesa da goyo a baya tana shanya kuɓewa. Sale har yau ba ya gaishe ni, ban kuma ga laifinsa ba.

Ku yara masu tasowa, ku dubi inda zakara ɗaya ya kai ni. Kada ku ci abinci da abin da mai damuwa ya faɗa muku. Ina roƙonku kuma don girman Allah, ku da kanku yake ja, kada duk ku tafi neman aikin ofis. Wasu su karanci wannan ilmi su dawo gida. Ƙauyukanmu cike suke da masu jego da samari da tsofaffi waɗanda ransu ya yi musu nauyi, masu zana irina sun yi yawa, irin su Malam Kabiru kuwa sai an shiga birni, ni ma sai da aka ɗaure ni na gamu da ɗaya. Kafin ku gama karatun ma, idan wani ya ce muku rijiya tana kiransa, kada ku ce ya rufe baki, kada ku tashi. Ku zauna, ku kira manya, ku kai shi asibiti.

Zauren Baba yana nan ba ƙyaure, ƙyauren yana kan rijiyar Sale, ban kuma da niyyar karɓo shi. Allah ya jiƙan Hauwa, ya ba Bilki lafiya mai ɗorewa. Ni kuma wanda ya karanta wannan ya roƙa mini gafara, domin akwai ranar da za a tsayar da ni da ita, kuma ranar babu zanar da zan ɓuya a bayanta.