Ranar da Baffa ya hau dukushina

Har yau in na tuna da akawalin nan, baƙin dokina, sai raina ya ɓaci. Dukushi ne mahaifina ya sayo a kasuwar Gaya shekarar da aka gama yaƙin basasa, ya damƙa mini, lokacin ina sabon aure a ƙauyenmu na wajen Ajingi.

Tun daga kaka har damina ta kawo jiki ban hau shi ba. Da ragama nake jansa zuwa gona. Na fara aza masa buhu wayam, daga baya na zuba gyaɗa kaɗan a ciki. In na tsaya ya tsaya, in na juya ya juya. A tafin hannuna yake lasar kanwa. Niyyata sai ya yarda da ni a ƙasa kafin in hau bayansa.

Sai ga Baffa, wan mahaifina, ya zo daga Gaya. Ya gan mu muna tafe, ya tuntsire da dariya.

"Kai ɗan nan, doki kake kiwo ko tunkiya? Ai doki a kansa ake yi masa magana."

Na ce, "Baffa, sannu ba ta hana zuwa."

Washegari ina gona ya sa aka ɗaura wa dokin sirdi, aka cusa masa ƙaton linzami a bakin da bai taɓa sanin ƙarfe ba. Wa zai hana shi? Mahaifina ƙaninsa ne. Baffa ya ɗare da ƙaimi da bulala, ya nufi kasuwar Ajingi don a gan shi.

Da na dawo na tarar da dokin a turke, jiki na ɓari, jini da kumfa a baki. Baffa kuwa yana kan tabarma yana shan fura, wai ya rage mini aiki. Abin da ya fi ƙona mini rai, sai da na durƙusa na yi masa godiya, don mahaifina ya kafa mini ido.

Dokin ya hawu, ban musa ba. Kowa ma yana hawansa. Amma har ya bar gidanmu, in na miƙa masa kanwa sai ya ja da baya iyakar igiyarsa, yana kallon ɗaya hannun nawa, ko bulala na riƙe.